Fure Biyar na Ranar Alhamis

Shafi na 17

Masu zagin Darka a ƙasan shafin jiya, na karanta ku duka. Har da wadda ta rubuta cewa da ita ce uwar mijin da tuni ta watso mata kaya ta taga. Ban ga laifinku ba, yadda na gani haka na ba ku. Ku gyara zama, yau kunyar tamu ce ni da ku.

Alhamis ce. Tun ƙarfe bakwai na buɗe rumfata ta fure a bakin tashar bas ta kasuwar Ternopil, inda na shekara ashirin da shida. Babu wuta tun asuba, janaretocin shaguna duk sun tashi, titi ya cika da ƙara da warin fetur. Yayyafi ake yi irin na Nuwamba, wanda ba ya jiƙa mutum sai dai ya shige masa ƙashi.

Pani Stefa (mu nan Pani muke ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pan) ta riga ni zuwa kamar kullum. Tana zaune kan akwatinta na katako a jikin rumfata, ta jera tafarnuwa da tuffa da kwalabe uku na kokwamba mai tsami a kan jarida. Shekararta saba'in da huɗu. Ɗanta guda ne, Lubko, kuma wata goma sha huɗu ke nan da aka ce ya ɓace a fagen daga. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Darka matarsa ce, su biyu suke zaune a gida ɗaya.

"Yabo ga Yesu, Pani Stefa."

"Har abada. Kin makara, Orisiya. Tsufa ne ko lalaci?"

"Gwiwa ce."

"Gwiwa. Ni da na ba ki shekara ashirin me zan ce?"

Ina cikin zuba ruwa a bokitai wani mai tasi ya faka a karkace, ya fito da sauri yana duba waya.

"Pani, ba ni jajayen nan guda shida. Matata ce ta ƙara shekara yau."

"Allah ya jiƙanta. Yaushe ta rasu?"

"Wa?"

"Matar taka."

"Lafiyarta lau, yanzu na baro ta tana shan shayi."

"To shida na mene ne? Mai rai mara ake kai masa, uku ko biyar ko bakwai. Cika na kabari ne. Uwarka ba ta koya maka ba?"

Pani Stefa ta ce, "Ba shi shidan, Orisiya. Mu ga inda zai kwana yau."

Ya sosa ƙeya ya karɓi bakwai. Muka yi dariya, amma tawa iyakarta leɓe, domin tun jiya abin yake cina.

Ga waɗanda suka shigo yau: mako bakwai ke nan duk Alhamis Darka tana zuwa nan, Pani Stefa ta zaɓa mata fararen furanni biyar da hannunta, wai ta kai coci can ƙarshen gari ta ajiye gaban hoton Maryamu don Lubko ya dawo. Bas mai lamba takwas take shiga. Alhamis ɗin da ta wuce na hango farin fure guda a jikin gilashin direban bas ɗin, Zenik, mai rina gashin baki, wanda mata biyu suka gudu suka bar shi. Furena ne. Ni kaɗai a kasuwar nan nake yanke kara a karkace in bar ganye biyu. Jiya kuma na ji shi da kunnena a wurin Pan Ilko mai kofi yana cewa wata yarinya ce take ba shi duk Alhamis, ba ta taɓa fashi ba.

Tara saura ashirin sai ga Darka. Rigar sanyin Lubko ce a jikinta, ta naɗe hannun sau biyu. Ta rame, amma wa bai rame ba a garin nan?

"Mama, kin manta maganinki a kan tebur."

"Ban manta ba, barin shi na yi. Zo nan, matar ɗana, yau da wa kika yi faɗa fuskarki haka?"

"Sanyi ne, Mama."

Pani Stefa ta dafa gwiwa ta miƙe, ta sunkuya kan bokitina. Ba a gaggawa da ita a wannan aiki. Ta ɗaga wannan ta mayar, ta sunsuna wancan.

"Wannan ya kwana biyu, Orisiya, kar ki rufe ni."

"Jiya aka kawo."

"Jiyan makon jiya. Ga wannan. Da wannan. Lubko yana son masu buɗaɗɗen kai, tun yana yaro haka yake tsinko mini su a lambun makaranta ana biyo shi da tsintsiya."

Ta ƙirga su a hannun Darka ɗaya bayan ɗaya har biyar.

"Ki gaya wa Maryamu sanyi ya shigo, safarsa ta ulu tana gida."

"Zan gaya mata, Mama."

Tsohuwa tana zaɓa da hannunta, wata tana kai wa ƙato.

"Darka, zo ki kama mini bokiti a baya."

Bayan rumfata wani ɗan lungu ne tsakanina da bangon shagon gyaran waya, mutum biyu da ƙyar. Falankin katako guda ne ya raba shi da inda Pani Stefa take zama. Ban damu ba, janaretan Pan Ilko yana daf da mu, ko ihu ka yi ba mai ji.

Ta duba ƙasa. "Ina bokitin?"

"Zenik yana gaishe ki."

Ta ɗago.

"Wane Zenik?"

"Au, suna da yawa ne? Mai lamba takwas. Mai gashin baki kamar an goga masa baƙin takalmi."

"Pani Orisiya, zan rasa mota."

"Ba za ki rasa ba, ai zai jira ki. Ni na riƙe Lubko a coci ranar da aka yi masa baftisma, kin sani? A gabana ya yi rarrafe a kan wannan titin. Yana can, ko a rami ko a hannun mutanen can, Allah kaɗai ya san abin da yake ci. Ke kina nan kina raba furen uwarsa."

Ta ƙara matse furannin a ƙirjinta.

"Da kuɗinki ne ma ki saya a wani wuri, da na kawar da kai. Yarinya ce ke, jiki da jini, wata goma sha huɗu ba kwana biyu ba ne. Amma wanda tsohuwar nan ta zaɓa? Wanda ta sunsuna?"

"Kin gama?"

"Ban gama ba. Ko ki daina, ko yau ɗin nan in gaya mata."

Sai ta yi wata irin dariya da ba sauti, ta jingina da bango.

"Pani Orisiya, shekara nawa kike sayar da fure?"

"Ashirin da shida. Me ya kawo wannan?"

"Nawa Mama take zaɓa mini?"

"Biyar."

"Nawa nake ba direba?"

"Ɗaya."

"Saura nawa?"

Na buɗe baki.

Na rufe.

Jama'a, ni da na gama yi wa mai tasi wa'azi ko awa biyu ba a yi ba. Mako guda ina kwana ina tashi da fure ɗayan nan, ina kallon wanda aka ba, ban taɓa juyawa na ƙirga na hannunta ba. Na zauna kan bokitin da ke kife.

"Huɗu," na ce.

"Huɗu."

"Darka, 'yata, tun yaushe?"

Ta zuge aljihun ciki na rigar, ta fito da takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya. Ba ta miƙo mini ba, riƙe ta kawai ta yi.

"Biyu ga Oktoba suka kira ni daga ofishin soja. Ina layin burodi. An yi musayar gawarwaki, an dawo da namu da yawa. Kin tuna bara da aka goga wa Mama auduga a baki don gwaji?"

Na tuna. Da faɗa ta je. Ta ce musu su goga son ransu, ba za su same shi cikin matattu ba.

"Gwajin ya dace da ɗaya daga cikinsu."

"Yana ina?"

"Ƙarshen layin lamba takwas. Bayan babban asibiti akwai wata koriyar ƙofa ta ƙarfe, ta ɗakin ajiye gawa. Yana ciki. Ba cocin da nake zuwa. A gindin bango nake ajiye huɗun, in tsaya har ƙafata ta mutu, in dawo in ce wa Mama Maryamu ta ji."

"Shi kuma Zenik?"

"Ko sunansa ban sani ba sai yau. Ranar farko na cire ɗaya zan jefa a kwandon shara, hannuna ya ƙi. Mama ce ta zaɓe shi. Sai na ajiye wa direba na sauka."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na kamo hannunta, sanyi ƙarara, ta zare.

"Ki yafe mini."

"Bar shi, Pani. Gara ma da abin da kika zata ne. Da ina da wanda nake so da na samu abin da zan ji kunyarsa, ba wannan ba."

"Mako bakwai, Darka. Yaron yana kwance cikin sanyi mako bakwai, uwarsa tana tasha goma daga inda yake."

"Kina ganin ban ƙirga ba?"

"To me kike jira?"

"Sau nawa na zauna zan faɗa. Ranar farko na shigo na tarar tana goge rigunansa. Ta ce taɓa ki ji, wannan wuyan ya fara ci, sai mun saya masa sabuwa kafin ya zo. Na ce to. Washegari na ce yau kam. Na tarar ta fito da silifas ɗinsa ta ajiye bakin ƙofa, wai ta yi mafarki. Kullum akwai abin da take yi masa. Da shi take tashi, Pani Orisiya. Likita ya ce zuciyarta ba ta son girgiza, kin ga ma maganin ba sha take ba."

"Stefa ta fi ƙarfin yadda kike zato. Ta binne miji, ta binne 'yan'uwa uku."

"Ba ta binne Lubko ba."



Ta share hanci da hannun rigar. "Kuma ba don ita kaɗai ba ne. Bari in gaya miki gaskiya tunda yau ranar gaskiya ce. Garinmu babu shi, yaƙi ya cinye shi. Na duba a waya, titinmu ma ba a gane shi. Uwata tana ƙarƙashin benenmu da ya rushe, ba wanda ya tono ta. Mama kaɗai ta rage mini a duniya. Kin ji yadda take kirana?"

"Matar ɗana."

"Shekara biyar ba ta taɓa kirana da wani suna ba. Ban haifa masa ko ɗaya ba. In babu ɗan, ni wace ce a gidan?"

"Haba, Darka."

"A'a, gaya mini. 'Yar haya? Baƙuwa daga gabas mai magana wani iri?"

Na san Stefa shekara talatin, amma ban san abin da baƙin ciki zai mai da ita ba. Ba wanda ya san wannan game da kowa.

"Sun kira jiya," ta ce. "Sun yi mini haƙuri iyakar yi. Litinin ce ƙarshe. Ko in je in sa hannu a shirya jana'iza, ko su zo gida da kansu su sami mahaifiyarsa."

"Kuma ta nan za a wuce da shi."

"Ta nan."

Duk sojan da aka kawo gawarsa, ta gaban kasuwa motar take bi. Mu rufe rumfuna mu durƙusa a bakin titi, ko ruwa ake ko ƙanƙara. Na watsa fure a gaban motoci fiye da yadda zan iya tunawa. Pani Stefa ba ta taɓa durƙusawa ba. Haka ƙarfe tara na safe, lokacin da gari duka yake tsayawa minti ɗaya don waɗanda suka tafi, ita tana zaune tana gyara tafarnuwarta. Wani ɗan sanda ya taɓa yi mata magana, ta ce masa, "Wannan na matattu ne, nawa yana hanya." Tun daga ranar ba wanda ya sake.

Darka ta kama hannuna da kanta.

"Ki gaya mata ke."

"Ni?"

"Ƙawarki ce. Ke kika riƙe shi a coci. Yanzu kika ce za ki gaya mata abin da ba a yi ba, to ga wanda aka yi."

"Ba daga bakina ya kamata ta ji ba."

"Bakin wa? Nawa? Ni da na yi mata ƙarya mako bakwai?"

"Zan raka ki. Yau da yamma, in rufe da wuri, mu zauna mu uku."

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya."

"Ba zan iya ba na ce miki."

Muryarta tana hawa, tawa ma haka, saboda janaretan nan da ke kunnenmu. Ba wadda ta duba agogo a cikinmu. Pan Ilko kuwa mutum ne mai ƙa'ida, ɗan ƙanensa yana cikin waɗanda aka wuce da su ta nan. Tara daidai yake kashe injinsa, kullum, ko da kofi a kan wuta.

Ya kashe.

Na shagon waya ya kashe. Na kantin magani ya kashe. Motoci suka tsaya.

A cikin wannan shirun muryar Darka ta fita, da ƙarfin da ta ɗauko don ta rinjayi inji:

"Ta yaya zan dubi idonta in ce mata Lubko ya mutu?"

Ta toshe bakinta da hannu biyu, furannin suka matse a fuskarta.

Lasifikar da ke kan falwaya ta fara bugun ƙirgen minti ɗayan, ƙas, ƙas, ƙas.

Na kalli falankin katakon nan. Kauri ɗan yatsa.

Ban san wadda ta fara motsi ba. Mun dai fito.

Titi ya daskare yadda ya saba. Direbobi tsaye a jikin ƙofofinsu, huluna a hannu. Mai shara ta jingina tsintsiyarta a kafaɗa. Wata mata ta tsaya a tsakiyar tsallakawa da keken jariri. Tantabaru kaɗai ke yawo tsakanin ƙafafun mutane.

Akwatin katako babu kowa a kai.

Pani Stefa tana tsaye.

Ta miƙe sosai, yadda ban ga ta miƙe ba cikin shekaru, hannayenta a gefe, tana kallon tsallaken titi inda babu komai sai shagon takalma. Pan Ilko ya gan ta, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Wata goma sha huɗu muna fatan tsohuwar nan ta tashi tare da mu, yau da ta tashi na ji da ma ta zauna.

Minti ɗaya ne, amma na tsufa a cikinsa.

Lasifika ta yi shiru. Motoci suka tashi. Pan Ilko bai ja igiyar janaretansa ba.

"Mama," in ji Darka.

Pani Stefa ba ta dube ta ba. Hannu ta miƙa.

Darka ta sa mata furannin. Ta daidaita kawunansu da yatsa, ta ƙirga a hankali, leɓenta yana motsi. Ta zare guda, mafi buɗaɗɗen kai, ta miƙo mini.

"Mayar da shi ruwa, Orisiya."

Na karɓa.

"Mama, ki yafe mini, na so in..."

"Tun yaushe?"

"Oktoba."

"Ke kaɗai kike zuwa?"

"Ni kaɗai."

"Cikin wannan sanyin. Da wannan takalmin." Sai yanzu ta dube ta. Ta ɗaga hannu ta gyara mata wuyan rigar Lubko, ta ɓalla maɓallin sama. "Wawiya. Kina da uwa a gida kina ɗaukar irin wannan ke kaɗai. Share fuskarki, 'yata, mutane suna kallo."

Darka ta fashe da kuka a kafaɗarta. Ni ma ban tsaya neman ƙyalle ba.

Lamba takwas ta shawo kwana. Ta tsaya a gabanmu, ƙofa ta buɗe. Zenik ya leƙo da murmushinsa yana gyara gashin baki. Idonsa ya sauka kan hannun tsohuwa. Na ga yana ƙirgawa. Murmushin ya tafi, ya cire hula.

"Ki kula mini da tafarnuwa," in ji Pani Stefa.

Ta sa ƙafa ɗaya a matakala, Darka tana riƙe da gwiwar hannunta. Sai ta tsaya.

"Darka."

"Na'am, Mama."

"Kin gan shi?"

Darka ta sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake. Da idonki kin ga fuskarsa?"

"Sun ce... sun ce gara kar a buɗe. Takarda suka ba ni."

"Takarda."

Na baya a layi ba wanda ya ce a yi sauri. Pani Stefa ta sauke ƙafarta daga matakala, ta juyo, ta tako har inda nake tsaye da fure guda a hannu.

"Ba ni."

"Stefa..."

"Ba ni, na ce."

Ta karɓa, ta buɗe rigar sanyinta ta cusa shi ciki a jikin ƙirjinta, ta rufe. Huɗun suna hannunta na dama.

"Akwai tabon ƙuna a bayan kunnensa na hagu, ni na yi masa da butar shayi yana shekara uku. Sai sun buɗe mini na duba, sannan in san ko nawa zan ajiye."

Ta hau.

"Ja mu tafi, direba."